Malam Tari da Kalmar da Ta Riga Shi Mutuwa

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai yayana Malam Isyaku makwancinsa, a irin wannan lokaci na tsakiyar damina da masara ke goyo. Allah Ya jiƙansa da rahama. Idan ka shiga ƙauyukan gundumar Gubuchi kana cigiyar Malam Isyaku, za a yi ta tambayarka wanne daga ciki. Amma ka ce Malam Tari, duk magidancin da ya yi firamare a wajenmu zai yi murmushi, wani ma har ya ɗan yi tarin ƙarya don ya nuna maka ya tuna.

Ba ciwo ne ya jawo masa sunan ba. Wata kalma ce ta Turanci, tarry, wadda ya ɗauka ya riƙe tun yana saurayi har ya koma ga Mahaliccinsa. Idan aka buga ƙarfen tashi, yara suka fara cusa littattafai a jaka, sai ya ɗaga hannu ya dubi 'yan aji shida ya ce, "Tarry a while." Nufinsa su ɗan ƙara zama, akwai sauran karatu. Kunnen ɗan ƙauye kuwa tari yake ji, sai aji duka ya kaure da tari, wani na bin wani. Ba ya fushi. Yakan tsaya da alli a hannu har mu gaji don kanmu, sannan ya juya ga allo. Na ce "mu" domin ni ma na yi wannan tarin. Ya girme ni nesa ba kusa ba, a hannunsa na yi ajin ƙarshe, kuma a cikin aji bai taɓa yarda in kira shi Yaya ba.

A hankali kalmar ta tsallake katangar makaranta ta shiga bakin mutanen gari. Idan rana ta take yaro bai dawo ba, uwarsa takan rufe masa tuwo ta ce yana tari. Uba yakan zo ya roƙi Yaya ya ɗaga wa ɗansa tarin yau, ana neman hannu a gona. A wannan ƙarin lokacin ne yake sa mu karatu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har sai harshen kowa ya warware. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya taɓa ƙara masa komai a kai.

A kwalejin horon malamai ya tsinci kalmar, a bakin wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ya koya musu Turanci. Shi dattijon a tsofaffin littattafan coci ya koyi nasa Turancin, don haka bakinsa cike yake da kalmomin da ko a lokacin sun kwana biyu. Yaya ya ce mutumin ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, idan azumi ya zo har yakan sa matarsa ta dama masa kunun shan ruwa. Da Yaya ya gama kwalejin ya dawo gida da irin waɗannan kalmomi rututu. Sauran duk suka zube da tafiyar shekaru, wannan ɗaya ta zauna.

Har yau ina jin muryarsa yana yi mana bayaninta. Yakan ce Bature yana da wait, wato jira: kana jiran mota ne ko wani baƙo, da zarar ya iso magana ta ƙare. Yana da stay, wato zama, wanda yana iya zama na tilas, kamar na majinyaci a gadon asibiti ko na wanda ruwan sama ya tsare a rumfar wani. Yana da delay, jan ƙafa, wanda laifi ne. Ita kuwa tarry, in ji shi, ta matafiyi ce. Mutum ya san tafiya na gabansa, hanya a buɗe take, babu wanda ya riƙe masa riga, amma ya ƙara zama saboda wurin ko saboda mutanen wurin. Yakan ja mana kunne cewa ba aiki ba ne da ake yi wa wani. Ba a ɗora ta a kan mutum kamar yadda za ka ce ka tsare wane ko ka makarar da shi. Kai ne za ka yi da kanka, a wani wuri ko tare da wani. Idan abin ya riga ya wuce kuma, ka sauya harafin ƙarshe ka rubuta tarried. Wanda ya manta wannan, ranar shi zai share allo.

Ya sha wahalar nemo mata Hausa. Dakatawa ta yi masa gajarta. Jinkiri yana warin kasala. Yada zango ya fi kusa, amma ya ce mai yada zango gajiya ce ko faɗuwar rana ta sauke shi, ba son ransa ba. Da ya rasa, sai ya riƙa ba mu labarin wani Bafulatani, Jauro, da yake sauka a gonar mahaifinmu kowace kaka, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Wata shekara kara ya ƙare, 'yan'uwansa duk suka kaɗa shanu suka yi kudu, shi ya ƙi tashi domin mahaifinmu yana kwance ba lafiya. Kullum da safe matarsa ta kawo nono, shi kuma ya zo ya zauna a zaure ya yi gaisuwa, shanunsa na ramewa a fili. Sai da tsohon ya miƙe ya taka da ƙafarsa sannan Jauro ya tashi rugarsa. "To wannan," in ji Yaya, "shi ne tarry. Ku rubuta."

Daga baya da ni ma na shiga aikin koyarwa na duba ƙamus, na tarar Yaya ya ɗora wa kalmar kaya fiye da wanda masu ita suka ɗora mata. A wajensu tana iya nufin jira kawai, ko ma nawa da ɓata lokaci. Na kai masa na nuna masa. Ya karɓa ya karanta a tsanake, ya miƙo mini ya ce mai ƙamus bai san Jauro ba.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wata shekara aka turo mana jami'in duba makarantu, matashi mai ladabi. Ya zauna a bayan aji har aka tashi, ya ji tarin da kunnensa, bai ce komai a gaban yara ba. Sai da aka shiga ofis, ina tsaye a bakin ƙofa a matsayina na ƙaramin malami, ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau, amma kalmar nan ta mutu. Su kansu Turawan ba sa faɗinta sai a tsohon rubutu ko don raha. Za ka sa a yi wa yaran nan dariya a gaba."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya yi mata salla?"

Muka yi dariya har da shi jami'in. Amma gaskiya tana wajen jami'in, kuma ba a daɗe ba ta fito. Akwai wata yarinya Rabi, wadda duk tsawon aikin Yaya bai koyar da mai ƙwaƙwalwarta ba. Ta ci jarrabawa ta tafi sakandare a Ikara. A zangon farko aka ba su insha'i, ta sa kalmar a ciki tana ganin ta burge. Malamin ya zagaye ta da jan biro, ya karanta wa aji da wata irin murya, ya tambaye ta ko kakarta ce ta rubuta mata. Da ta dawo hutu ta zo gaishe da Yaya ta faɗa masa, kanta a ƙasa, ba da sigar ƙorafi ba. Sai ya ce ta yafe masa. Daga ranar bai sake rubuta kalmar a allo ba, kuma yakan gargaɗi 'yan aji shida kada wanda ya kai ta ɗakin jarrabawa. Bakinsa dai bai daina ba. Ana buga ƙarfe hannun zai tashi.

Rabin nan ce, bayan ta zama ma'aikaciyar jinya a Zariya, ta fara lura da ƙafafunsa. Ta zo ganin gida, ta durƙusa gaishe shi, ta ga igiyar takalminsa ta nutse a cikin kumburi. Ba ta ƙyale shi ba sai da ta kai shi aka yi gwaji. Ciwon suga ne da ya daɗe yana cinsa bai sani ba, har ya fara taɓa ƙoda. Likita ya ce irin wannan ciwo ba ya son nisa da asibiti. Ƙauyenmu kuwa akwai rafi tsakaninsa da titi. Da rani yaro ma ya tsallake shi, da damina sai ya yini ya kwana ba ya ƙetaruwa.

Allah Ya kawo mafita ta hannun wani abokin karatunsa da ya zama babba a ofishin ilimi. Ya ce Yaya ya dawo cikin garin Makarfi ya riƙe tebur a ofis, ga asibiti kusa, ga motar Zariya a kowane lokaci. Har gidan haya aka duba masa. Yaya ya yi godiya sosai, ya ce a ɗan saurara masa 'yan aji shida su rubuta jarrabawa. Suka rubuta. Sai ya ce waɗanda suka hau bayansu suna da rauni a karatu, ba zai bar su haka ba. Damina ta zagayo ta sake zagayowa, abokin ya gaji da aike, aka ba wani teburin.

Matarsa, Yaya Hajara, mace ce mai kawaici. Amma wata rana da la'asar ina gyaran keke a ƙofar gida na ji muryarta ta tsallako katanga.

"Malam, 'ya'yan mutane kake dubawa. Naka fa, wa zai duba su?"

Ya ce, "Idan na tashi, wa zai tsaya?"

"Ga ƙanenka nan. Ba kai ka koyar da shi ba?"

Na ji ya ɗauki buta, ya fito ya wuce ni zuwa masallaci kamar bai gan ni ba. Ni ma na yi masa magana, limamin gari ya yi masa, Rabi ta yi ta aikowa har ta gaji. Yaya mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da wannan. Ba zan ɓoye ba don ya mutu: yana da taurin kai, kuma yana ganin babu wanda zai koyar da ajin nan kamar shi. Wataƙila ma da gaskiyarsa. Amma a kan iyalinsa abin ya ƙare.

Ranar da zai rasu an kwana ana ruwa. Da safe jikinsa ya rikice, numfashi na yi masa wuya. Muka ɗora shi a amalanken shanu zuwa bakin rafi, muka tarar ruwa ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Muka zauna muna kallon ruwa, muna kallonsa. Sai bayan azahar ya ɗan janye, samari suka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa, ruwa iya ƙirjinsu, suka haye da shi. A ƙetare muka kwantar da shi a gindin wata ɗorawa, aka tura mai babur ya nemo mota. Yana cikin hayyacinsa. Ya kira sunana, na sunkuya ina zaton wasiyya zai yi. Sai ya tambaye ni ko an ɗora duwatsu a kan kwanon aji huɗu da iska ta ɗaga. Na ce an ɗora. Ya ce madalla, ya yi kalmar shahada. Kafin motar ta iso mun riga mun rufe masa fuska. Samarin da suka haye da shi su suka sake hayowa da shi gida.

Ni aka ba riƙon makarantar bayansa, ni ke riƙe da ita har yau. Sau da yawa idan na tsaya a farfajiya nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo. Aji huɗun da ya tafi yana tambaya, wata iskar ta zo ta ɗauke kwanon gaba ɗaya, yanzu awaki ke kwana a ciki. Ƙarfen da ake bugawa, wanda aka rataye a jikin darbejiya tun kafin a haife ni, masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwance shi. Da baki nake tashin yara. Mu biyu muka rage malamai. Waɗanda ake turowa sukan zo su ga rafin, su ji labaran masu satar mutane a hanyoyi, su koma su nemi canji. Ban ga laifinsu ba.

Yara kuwa, da zarar an fara saran rake sai aji ya zama kango. Suna wajen matsar rake ana dafa mazarƙwaila, ko suna lambu suna tsinkar tumatir. Idan na bi gida-gida, iyayen sukan karɓe ni da mutunci, su shimfiɗa mini tabarma, sannan su tambaye ni a hankali: waɗanda suka yi karatun, ina suke? Su kira mini sunan ɗan wane da ɗan wane da suka gama har kwaleji, yanzu suna haya da babur a birni. Akwai 'yan aji shida a hannuna bana da ba sa iya haɗa baƙi da wasali su fitar da kalma, ba ta Turanci ba, ta Hausa. Mutumin da yake ɓata yini a kan bambancin jira da zama, ban san da wane baki zan yi masa wannan bayani ba.

Fulanin ma sun daina sauka. 'Ya'yan Jauro, idan suna nan da rai, ta bayan gari suke wucewa da sauri, su suna tsoronmu, mu muna tsoronsu. Gonar mahaifinmu takin buhu take ci, idan an samu. Hatta gaisuwa ta yi gajarta. A da sai ka tsaya ka tambayi dattijo gida da gona da gajiya har ƙafarka ta yi tsami. Yanzu matashi daga kan babur zai ɗaga maka hannu, kafin ka amsa ya sha kwana. Yaya da ba ya iya wuce zaure bai zauna ba, ina jin da shi za a riƙa yi wa kallon wanda ba shi da aikin yi.

Ɗana Mubarak yana da takardar malanta, kuma na so ƙwarai ya gaje mu. Yana Kaduna yana sayar da caja da murfin waya a wata 'yar rumfa. Da ya zo sallar da ta wuce na sake yi masa maganar. Ya saurare ni har na gama, domin yaro ne mai tarbiyya, sannan ya ce, "Baba, in dawo in koyar da wa? Kuma in ƙare kamar Baffa?" Da hira ta yi nisa na ba shi labarin asalin sunan Malam Tari, sai ya danna kalmar a wayarsa. Wayar ta furta ta da muryar wata Baturiya, ya karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa: tsohuwar kalma ce, an daina amfani da ita. Na san da Yaya na nan zai so wannan waya. Zai sa a yi ta maimaita masa muryar har caji ya ƙare, sannan ya yi gardama da ita.

Baɗi zan yi ritaya. Abokin aikina ɗaya tilo ya riga ya nemi canji. Babu wanda aka ce mini zai zo.

Idan na zauna auna abin da ya rage na Yaya, raina ba ya yi mini daɗi. Ɗalibansa suna nan da yawa. Rabi ta zama babba a wajen aikinta, akwai sojoji, akwai direbobi, akwai mai koyarwa a jami'a. Duk wanda ka taɓa zai ce maka ba don Malam Tari ba da yanzu yana bayan garma. Suna yi masa addu'a, na yarda da wannan, kuma ina fata ita ce za ta amfane shi a inda yake. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zaune a ƙauyen. Ya koyar da su ne don gari ya sami masu ilimi, sai karatun ya zame musu guzurin tafiya. Gwargwadon ƙoƙarin yaro, gwargwadon nisan da ya yi. 'Ya'yansu a birni aka haife su, wasu ba su taɓa ganin rafin ba. Shi da ya zauna, zaman ya ci ransa. Ni da na zauna a bayansa, gadin gini nake yi. Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, ko a Makarfi yake ranar ba za ta wuce shi ba. Abin da nake faɗa wa zuciyata ke nan, wani lokaci ta ji, wani lokaci ta ƙi.

Makon jiya na je Hunkuyi gaishe da Yaya Hajara. Tun da ta fita takaba take zaune wajen babbar 'yarta. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na gaya mata ina rubutu a kan marigayi, za a buga a jarida.

Ta ce, "Malam Ƙarami, a garin namu wa zai karanta?"

Na tsaya ina laluben suna a raina. Da ta ga na daɗe sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Ni ma ai ba zan iya ba," ta ce. "Duk zaman da muka yi, ya koya wa 'ya'yan kowa, ni ko sunana bai koya mini rubutawa ba. Ban taɓa roƙonsa ba, shi ma bai taɓa tunawa ba. Idan ya dawo a gajiye yake."

Ba da ɗaci ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin wata tsohuwar damina. Na ce idan ba ta so zan fasa. Ta girgiza kai.

"Rubuta. Amma kada ka wanke shi. Ka sa har da taurin kan, don in ji shi ne. Idan ta fito ka kawo, ka zauna nan ka karanta mini tun daga farko, a hankali, kunnena ba kamar da ba."

Na ce to. Da zan tafi ta ɗebo gyaɗar da ta ɓare ta ƙulle mini a leda, ta ce in kai wa yaran makaranta, waɗanda suka zo.